Sau Biyar a Rana

Shekarar da ciwon daji ya bar nonon Innarmu ya shiga ƙashin bayanta, ni na koma gidanmu na yi jinyarta. Gidan mijina a nan cikin Daura yake, unguwa biyu ce tsakaninmu, kuma ni dama ba mai fita ba ce. Sauran 'yan'uwana mata, ɗaya tana Mai'adua, ɗaya Zango.

Yayanmu ne ya kai ta babban asibiti a Katsina. Suka dawo da yamma, an shimfiɗa ta a bayan mota kamar kaya. Ya miƙo mini kwalba mai ruwan magani da sirinji marar allura, ya nuna mini layin da zan riƙa zuƙowa. Ya ce sunansa mofin, in ɓoye shi ƙarƙashin tukwanen Inna, don 'yan shan kodin na unguwa in suka ji labari ko katanga sai su haura. Sau biyar a rana, in ji shi, na ƙarshe a ninka. Ya faɗi haka yana tsaye ƙafa ɗaya a kan babur, washegari zai tafi fatauci. Akwai rubutun boko a jikin kwalbar, ni kuwa aji uku na yi aka cire ni, na dube shi na ajiye.

Sau biyar. To me ake yi sau biyar a rana in ba salla ba? Har daɗi na ji, na ce likitocin nan sun san mutanensu. Ladan ya kira, in ba Inna magani, in taimaka mata ta yi taimama. Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Inna irin matan da ce, waɗanda suka haihu a ɗaki ba a ji tarinsu ba. In ka tambaye ta jiki, da sauƙi. Ko ana yanka ta, da sauƙi. Amma ni ina da kunne. Da safe bayan maganin Asuba za ta sha koko, ta ja carbi, ina jin ƙas-ƙas ɗinsa daga madafa. Hantsi na dubawa sai carbin ya yi shiru. Sai numfashi ta hanci, gajere, kamar mai ɗauke da tulu tana hawa tudu. Sai ƙarar farcenta a kan tabarma. In na leƙa, fuskarta na bango, ta ce hutawa take yi, in je in ƙarasa aikina. Haka za ta kai Azahar.

Da yamma kuwa, magani a kan magani. Kafin Magariba idonta ya yi nauyi, bayan Isha'i ko an ɗaga hannunta sai ya faɗi. Lokacin nan ne kuma mutane ke zuwa dubiya. 'Yar'uwata ta Mai'adua ta zo sau biyu, ta zauna a gefenta tana kuka, Inna ba ta ma san ta zo ba. Ni na ɗauka tafiyar ciwon ke nan: safiya ta azaba, maraice na barci. Mako uku muna haka.

Wadda ta gano 'yar maƙwabtanmu ce, ma'aikaciyar jinya, ta zo hutu daga wurin aiki ta shigo gaisuwa da hantsi. Inna ce ta yi mata wankan jarirai, don haka wasan jika da kaka suke yi. Ta shigo tana tsokana, wai tsohuwa ta kwanta don gudun daka. Inna ta buɗe baki za ta rama, maganar ta ƙi fita. Yarinyar ta dubi goshinta, ta dubi hannunta da ya damƙe bakin tabarma, wasan ya tsaya. Ta ja ni tsakar gida ta tambaye ni yaushe nake ba da magani. Na lissafa mata da alfahari.

Sai ta ce, "Yaya, daga Asuba zuwa Azahar awa nawa ne?"

Ban taɓa ƙirgawa ba. Ta ƙirga mini a yatsu. Takwas, har da ɗoriya.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna a kan turmi ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce zafi saƙo ne. Inda ciwon ke cin ƙashi, akwai ƙananan jijiyoyi da ke ɗaukar labari su kai wa laka, wadda ke cikin ƙashin baya, laka kuma ta miƙa wa ƙwaƙwalwa. Sai ya isa can mutum ke jin zafi. Jiki yana da nasa maganin da yake rage saƙon, amma bai isa irin wannan ciwo ba. Mofin yana zuwa ya zauna a wuraren da maganin jikin ke zama, a laka da ƙwaƙwalwa, ya hana yawancin saƙon wucewa, wanda ya wuce ma ba ya tayar da hankali sosai. Ba ya taɓa ciwon kansa. Kuma ba ya daɗewa, cikin awa huɗu hanta da ƙoda sun kusa share shi. Shi ya sa ake bayarwa da agogo: shida, goma, biyu, shida, goman dare a ninka. Ga shi nan ma rubuce a kwalbar.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne na ƙarshe. Ta ce in ana barin zafi yana dawowa kullum, jijiyoyin sukan saba da kuka, abu kaɗan sai su ɗauka da ƙarfi, har taɓawar zane ta zama ciwo. Na tuna kwanakin nan Inna ta hana ni lulluɓe ta. Na ɗauka zufa take ji.

Ta kira likitan Katsina a waya, ya ce a ɗan ƙara awon. Ta saita mini wayata ta riƙa ƙara a kan lokaci, ta ce in dage da ba ta ruwa da maganin sakin ciki, don mofin yana ɗaure hanji.

Kwana biyu da gyarawa, ƙarfe sha ɗaya na safe, Inna ta ce in jingina ta da bango. Ta nemi goro, ta ɗan gutsura. Ta yi mini tsiya a kan miyata, wai har yanzu ban iya sa daddawa ba. Da yamma ta Zango ta zo, suka yi hira har Isha'i da idonta biyu.

Ana cikin haka wata safiya ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, canza maganin aka yi? Wannan ya fi wancan tausayi."

Na ce, "E, Inna, canzawa aka yi."

Ta ce Allah ya yi wa likitan albarka, ni ma ya yi mini, da ba na gajiya.

Kwana tara ta samu a haka. Kowace safiya ina cewa yau zan durƙusa in gaya mata, sai in ga tana murmushi in fasa, in ce gobe. Ana jibi za ta rasu ta tara mu, ta ce duk wanda ya yi mata wani abu ta yafe, mu ma mu yafe mata. 'Yan'uwana suka yi ta kuka suna cewa sun yafe. Ni ma na ce.

Malamin da na tambaya daga baya, ta bakin mijina, ya ce kuskure ne, ba ni da laifi, kuma yafiyarta ta haɗa da ni. Na karɓa. Amma Inna ba ta san akwai mako ukun nan a cikin abin da take yafewa ba, kuma Yayanmu har yau bai sani ba.