Jan Farcen Baba Dalma

Baba Dalma ya tsufa a kan teburi ɗaya, a ɗan shagon da ke manne da ƙofar gidansa. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, da kwamfuta ta shigo kuma ya karɓe ta hannu bibbiyu. Mutum ne mai taurin kai, ga tsabta kamar mage. Ko matarsa, wadda ta yi shekaru tana ɗinki a bayan labulen shagon, ba ta isa ta taɓa masa sukundireba ba.

Shi kuwa ya isa ya taɓa mata jan farce. Kafin ya cire kowace kafasita, wato 'yan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, sai ya ɗiga ja a gefen da farin layinta ke kallo, don in aka juya sabuwa fashewa za ta yi. Tun suna da ƙuruciya take masa mitar kwalabenta, shi kuma ya yi kunnen uwar shegu.

Sai hannunsa ya fara rawa. Da fari ya ɗora wa shayi laifi, daga baya aka daina kawo aiki.

Ran nan autarsa, mai shagon buga takardu, ta zo ɗauke da tsohuwar monitar kwamfutar da ya saya mata lokacin da ta fara sana'a. Ta ce monitar sai ta yi ta ƙifta ido kafin ta kawo hoto, yau kuma ta ƙi sam.

"Baba, yarwa zan yi. Kai ma ka rufe shagon nan ka huta, kar wata rana ka ƙona kanka."

"Ajiye min. In ta gagare ni, ki zo da kwaɗonki ki rufe."

Maganar ta fita, ba ta komowa, kuma tsoro ya kama shi sosai. Ya kwance bayan monitar, ya jira ragowar wuta ta sauka, ya bi fanel, wato allon da kayan wutar ke kai, da ɗan yatsa. Ga su nan kuwa, kafasitoci sun kumbura kamar burodi, ɗaya har ta yi dalala. Ya tafi kasuwa ya sayo sababbi, ya dawo ya fizge tsofaffin da ƙyar, yana huci.

Sai da ya ɗauki sabuwa gabansa ya faɗi. Bai ɗiga ja ba, rubutun fanel ɗin kuma ya dusashe. Abin da bai taɓa mantawa ba a rayuwarsa, yau fargaba ta mantar da shi. Ga ƙarfen narka dalma yana ta rawa a hannunsa. Ya ajiye, ya yi tagumi.

Keken ɗinki ya yi shiru a bayan labule.

"Malam, sa tabaranka ka duba da kyau," in ji matar.

Ya duba. A gefen kowane gurbi ga ɗigon ja, ƙarami, tsaf.

"Wa ya taɓa min teburi?"

"Ni ce, da ka tafi kasuwa. Matsa."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai kawai ya matsa. Hannunta da ya saba zura zare a allura ya zura ƙafafun kafasita a ramukansu ba ko gargada. Shi ke faɗin wacce za ta shiga ina, ita ke ɗiga dalma. Sau ɗaya ya ce ta rage, ta ce ai ta gani.

Da autar ta dawo da kwaɗo a jaka, Baba Dalma ya danna maɓalli. Hoto ya kawo tar, ba ko ƙiftawa. Tsohon ya daki teburi yana dariya har da tari, farin ciki ya cika shi.

"Koma da kwaɗonki! Gobe ki kawo mana kujera ta biyu."

Bayan ta tafi ya ɗaga kwalbar jan farcen, ya ga sabuwa ce. Ya kalli faratan matarsa, fari fat.

"Hajiya, yaushe rabonki da shafa wannan abin?"

"Tun kafin a haifi auta," ta ce, tana goge bakin ƙarfen. "Kai nake saya wa."