Gwadon da Na Saƙa wa Jirginsa

Ina sheƙar shinkafa a tsakar gida da hantsi aka yi sallama a zaure. Na gane muryar abokin tuƙin maigidana, amma ban ji ta maigidan ba, shi da kullum yake riga kowa magana. Surukata ta fita. Da ta dawo ba ta dube ni ba. Ta zauna a ƙasa, ta ce jirgi ya kife a kogin Kwara kafin su kai Yawuri, ɗaya ya fita, ɗaya ruwa bai bayar da shi ba.

A lokacin ina da ƙuruciya, da ɗiya guda a goye, Turawa kuma ba su daɗe da zama Sakkwato ba. Karatuna bai wuce na allo ba. Abin da na iya shi ne saƙa, irin tamu ta mata mai faɗi, kuma a unguwarmu an san gwadona ba ya saurin mutuwa. Maigidana mutumin Kwalkwalawa ne, mai fito. Da damina, idan kogin Rima ya cika ya malale fadama, shi ke ƙetarar da manoman shinkafa da 'yan kasuwa. Jirginsa siriri ne, dogo, marar nauyi, an sassaƙa shi don ya ratsa tsakanin ciyawa, ana tura shi da gora.

Da aka fara neman masu kai fatun awaki ta ruwa zuwa kantin Turawa can Kwara, ya bi wani jirgi sau ɗaya don ya ga hanya. Ya dawo ba shi da zance sai na jiragen da ya gani an kafa musu itace a tsaye, an ɗaura ƙyalle, iska na tura su matuƙa na zaune. Ya roƙe ni in saƙa masa irin wannan ƙyallen, ya ce saƙar maza ƙwarya-ƙwarya ce, sirara, sai an harhaɗa, ɗinki zai yi yawa. Na zaɓi audugar da ta fi kyau, na kaɗa zaren da kaina, na danne kowane layi har yatsuna suka yi kanta. A raina, mijina zai tafi ruwan da ban sani ba, ba zan ba shi abin da zai yage a hanya ba.

Ranar da ya gwada shi a fadama mutane sun cika bakin ruwa. Abokansa suna ta tsiya, wai ya sa wa jirgi riga, saura rawani a naɗa shi hakimi. Da iska ta cika gwadon sai jirgin ya miƙe kamar an harba shi, ya bar masu gora a baya. Ya zagayo yana tambayarsu ko a ɗaura musu igiya ya ja su. Ni ina daga nesa cikin mata, ina ɓoye murmushina. Babu wanda ya tuna cewa ruwan fadama faɗi gare shi ba zurfi ba. Gora na taɓa ƙasa kusan ko'ina, ciyawa na kwantar da igiyar ruwa, wanda ya faɗa kuma yakan samu abin kamawa. Mun ga jirgi ya yi gudu, muka ɗauka ya isa zuwa ko'ina.

Sauran labarin na ji shi daga bakin abokin nasa, yana zaure ina bayan zana. Ya ce da suka shiga Kwara sun yada zango wurin wasu Nufawa masu jirage. Nufawan suka zagaye jirgin maigidana suna dariya, suna kiransa Basakkwace, suna tambayarsa ko shanyar amarya ya kawo musu. Daga baya wani dattijo cikinsu ya daina wasa. Ya nuna masa jiragensu masu faɗin ciki, da katakon da aka ƙara musu a gefe saboda igiyar ruwa. Ya nuna masa abin da suke ɗaurawa, tsohuwar tabarma ce ko tsummoki, da igiyar da ta kusa ruɓewa. Ya ce da gangan suke yin haka, don idan hadari ya taso a ruwa mai faɗi, gara ƙyallen ya yage ya tafi, jirgi ya zauna. Ya ba shi shawara ya kwance gwadon ya shimfiɗa ya kwanta a kai. Maigidana ya yi godiya, ya ce, Baba bai san saƙar matata ba ne, wannan ba ta yagewa.

Bayan azahar hadarin ya same su a tsakiyar ruwa, inda gora ba ta taɓa ƙasa. Iska ta cika gwadon lokaci guda. Suka kai hannu ga ƙullin gwadon, ya jiƙe ya ƙi kwancewa. Jirgin ya kwanta a gefensa, ruwa ya shiga. Abokin ya ce da ya ɗago kai, abin da ya gani shi ne farin gwadon shimfiɗe a kan ruwa, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ina jin don ya yaba mini ya faɗi haka.

Da yake ba a ga gawa ba, alƙali ya ce in jira. Na yi shekaru ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba, duk sallamar da aka yi a zaure sai gabana ya faɗi. Ɗiyata ta yi wayo tana tambayar wace hanya Kwara take. Idan maƙwabta suka shanya farin zane iska ta kaɗa shi, wannan ƙarar nake ji har cikin ƙirjina, sai in shige ɗaki. Surukata takan ce in yi haƙuri, gwadon ya zama likkafaninsa, hannuna ne ya suturta shi. Na san alheri take nufi.

Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, ban kuma yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma ina roƙon masu sana'ar hannu, da duk mai shirya wa nasa tafiya, ku tambayi inda abin zai je kafin ku yi shi. Abin da ya yi kyau a ruwan gida ba a gwada shi ba tukuna. Mutanen da suka tsufa a bakin babban ruwa, idan suka ce a sassauta, a saurare su, ko da abin da ke hannunsu ya yi kama da tsumma.

Daga ƙarshe alƙali ya yanke hukunci, na yi takaba, aka raba ɗan abin da ya bari. Na tambayi malamai ko za a sallace shi, suka ce a mazhabarmu sai da gawa a gaba. Har yau ba a yi masa salla ba.