Tafiyata Jos Saboda Alƙur'anin Baba

Kaduna

Ana sallame Asuba na isa tashar Kawo. Daren jiya Sani, ɗan yayana, ya buga min waya yana murna, wai ya fara kai Alƙur'anin da Baba ya rubuta da hannunsa shagon kwamfuta ana masa laminetin, wato ana manne kowane falle cikin leda da inji. Ni da na tsufa ina gyaran tsofaffin littattafai a ma'adanar tarihi, na san zafin injin nan na dafa takarda, ledar kuma in ta kama ta kama ke nan. Na ce ya dakata, amma Sani ba ya jin magana ta waya.

Saminaka

Shingen sojoji biyu muka wuce. Direba ya tsaya cin tuwo, na ce, "Direba, sauri nake."

"Hajiya, mara lafiya za ki gani?"

"Kusan haka."

Daga Jingir sanyi ya fara shigowa ta taga, duwatsu suka bayyana. Na tuna Baba a zaure da sassafe, yana hura wa yatsunsa iska kafin ya ɗauki alƙalami. Kewarsa ta kama ni ƙwarai.

Gangare

Bayan Azahar na shiga lungunmu a unguwar Gangare, cikin Jos. Sani ya shimfiɗa min aikinsa, izu biyu suna ƙyalli kamar katin asibiti.

"Gwaggo, ko ruwa ya zuba babu abin da zai same shi."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai Inna, mahaifiyarmu, ta ce a miƙo mata. Idonta ya daɗe da tafiya. Ta shafa ledar, ta kai hanci, ta miƙo masa.

"Wannan ba na Malam ba ne. Ku ba ni nasa."

Na zaro falle ɗaya daga gafaka na sa mata a hannu. Ta bi tawadar da yatsa. Sani ya sunkuyar da kai.

Kwana huɗu na yi ina liƙe yagaggun gefuna da kullun alkama da siririyar takarda, Sani na riƙe min.

Komawa

Na iso Kaduna lafiya, alhamdu lillahi, na kuma gode wa Sani da ya kai ni tasha. Sauran izu hamsin da takwas sun tsira. Biyun da suka tafi su ne na ƙasa, waɗanda Baba ya riƙe yatsana a kansu ya koya min karatu.