Ranar da Kiran Ya Shiga

Duk wanda ya saba bi ta bakin kasuwar Romi ya san Damaris, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai gwaten nan da ke zama ƙarƙashin lema mai faci, Maman Abi ake ce mata. In ka ce gwatenta ya yi tsami sai ta ce, "To da yakuwa aka yi shi, sukari kake so a zuba?" Haka bakinta yake tun tana da ƙarfi, balle yanzu da duniya ta gama gajiyar da ita.

Daga Zonkwa aka kawo ta Kaduna tana amarya, a shekarar da soja suka koma bariki. Mijinta Shekari yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, lokacin da in an tashi aiki kekuna sai sun rufe titi. Kowa na cewa farar hula sun dawo, talaka zai sha iska. Ina! Ba a jima ba masaƙar ta rufe ƙofa, aka ce wa ma'aikata su je gida, za a neme su. Shekari ya koma gadi a wani gida a Barnawa, ita kuma ta ɗora tukunya.

Da gadi da gwate suka sayi ɗan fili a bayan Romi, suka riƙa tara bulo har gini ya kai linta. Nan ya tsaya, rufi ya gagara. Damina ta yi ta wucewa a kansa, ciyawa ta cika wurin da Shekari ke kira falo, su kuwa suna ɗakin haya, mai gida na ƙara musu kuɗi duk sanda ya bushi iska. Damaris ba ta da burin da ya wuce ta kwanta ta ji ruwa na dukan kwanon da yake nata.

Sai da 'yarsu Abi ta yi aure har ta haihu kafin a tuna da tsofaffin ma'aikatan masaƙar. Rannan kuɗin sallama suka faɗo asusun Shekari. Ya karanta saƙon a waya, ya sake karantawa, ya ce, "Maman Abi, ruwa na ɗaukewa za mu kira kafinta."

Shekari mutum ne mai tsoron ɓarayin waya kamar me. Ya sha jin labarin waɗanda ake kira a ce daga banki ne, a yashe su tas. Saboda haka baƙuwar lamba ba ya ɗagawa, lambar sirrinsa kuwa ko matarsa bai gaya wa ba. In ta yi masa tsiya sai ya ce, "Ai su da kansu suka ce ko matarka kada ka faɗa wa." Ita kuma ta ce, "To ka je su dafa maka tuwo mana." Duk harkar bankinsa a 'yar wayar nan mai tocila yake yi, ya juya wa mutane baya yana danne-danne kamar mai cin nama a ɓoye.

Bai ga ɗaukewar ruwan ba. Hawan jini ya kayar da shi a bakin aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan an binne shi a Zonkwa, wansa Baba Istifanus ya sa aka tattara kayansa, riguna da takalma da Littafi Mai Tsarki, har da wayar, aka zuba a akwatin ƙarfe aka sa kwaɗo. A gidansu ba a taɓa kayan mamaci sai ya shekara, dangi sun taru an yi addu'a.

Damaris ta ce, "Baba, wayar fa? Kuɗin rufin nan ta cikinta yake taɓa su."

Ya ce, "Matarmu, kuɗi suna banki, banki kuwa ba ya gudu. Kada a ce tun ƙasa ba ta bushe ba kin fara zancen dukiya."

Daga nan ta bar zancen wayar. Wace mace ce za ta so a faɗa mata haka a gidan miji?

Ta dawo Romi ta ci gaba da gwatenta. Sai dai ta tsiri wata ɗabi'a da ba ta gaya wa kowa ba. In kasuwa ta yi sanyi da la'asar, kewa ta taso mata, sai ta danna lambar Shekari ta saurari matar nan ta cikin waya tana cewa a kashe take. Ba wani abu take nema ba, sunansa kawai take so ta gani.

Ana nan, wata rana gab da Ista, ta danna, sai kiran ya shiga. Kafin ta ankara aka ɗaga, muryar namiji ta ce, "Wa ke magana?"

Wayyo Allah! Damaris ta yar da wayar cikin kwandon yakuwa. Wayar da ke kulle a akwati a Zonkwa, mai ita yana ƙarƙashin ƙasa! Ta rufe tukunya ta nufi gidan Mama Ladi, shugabar zumuntar mata ta cocinsu. Mata suka taru, aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka tsawata wa Shaiɗan. Mama Ladi ta ce, "Ki daina kiran matattu, 'yar'uwa, bar shi ya huta." Da hannunta ta goge lambar. Allah ya sani da zuciya ɗaya matan nan suka zo, amma a cikinsu duka ba wadda ta ce a je banki.

Da shekara ta zagayo aka buɗe akwati. Baba Istifanus ya miƙa mata wayar a gaban dangi, ya yaba haƙurinta. Aka yi caji aka kunna, babu sabis. Ta shiga zirga-zirga tsakanin kotu da banki neman takardar gado don a ba ta kuɗin, yau a ce kawo kaza, gobe a ce mai sa hannu bai zo ba, har silifas ɗinta ya tsinke. Ranar da aka gama, ma'aikaciyar bankin ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta sassauta murya.

"Mama, wa ke riƙe da layin mai gidanki?"

"Ai a akwati ya shekara."

"Sim ɗin ne a akwati, Mama. Layi in ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan sayar wa wani. Wanda ya saya, saƙonnin asusun marigayin wurinsa suke zuwa. Wannan kuwa ba mai tsoron Allah ba ne. Da layin ya canja lambar sirri, ya riƙa kwasa har ya share."

"Tun yaushe?"

"Bayan Ista ya fara. Da an zo an rufe asusun kafin nan..." Yarinyar ba ta ƙarasa ba.

Damaris ba ta yi kuka ba, shi ma kukan sai da ƙarfi ake yin sa. Muryar namijin nan da ya ɗaga kiran ta dawo mata. Ashe ba fatalwa ba ce, ɓarawo ne, ta ji shi da kunnenta lokacin da kuɗin rufinta ke nan ba a taɓa ba, ta je ta tara mata suka yi masa waƙa. Aka ce mata za a bincika, za a neme ta. Ta ce to. Tun zamanin masaƙa take jin wannan magana.

Har yanzu tana bakin kasuwa. In mai saye ya ce zai tura mata kuɗi ta waya, sai ta ce ya ba ta a hannu ko ya bar mata gwatenta. Da damina ta sake faɗuwa ta ɗauki fartanya ta tafi bayan Romi, ta nome ciyawar falon Shekari. Abi ta same ta a duƙe tana zuba iri.

"Mama, me kike yi haka a cikin ɗaki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yakuwa nake shukawa. Tunda a nan ruwan yake zuba, gara ya yi mini amfani."