Sarkin da Bai Leƙa Ƙauyensu Ba

Shekarun da na yi ina rubutun digirina a kan wani sarkin Rumawa, a wani ɗan ɗaki nake zaune a Silver Spring ta Amurka, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Sarkin ɗan ƙauye ne. Da ƙafa ya tako zuwa birnin da yanzu ake kira Istanbul yana saurayi, da guzurin busasshen burodi, ya shiga aikin dogari. Sai da ya tsufa mulki ya faɗo hannunsa, ko sunansa bai iya rubutawa ba.

A masallaci in na faɗi abin da nake karantawa, likitocinmu da injiniyoyinmu sai su ce "Ma sha Allah," su koma hirar inshora. Ban ga laifinsu ba, amma kaɗaici ya ci ni a tsakiyarsu.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki sarkin nan da daraja, mahaifina, can Funtuwa. Duk Lahadi in na kira, bayan ya tambayi sanyi da aiki, sai ya ce, "Ya mutumin naka?" kamar yana tambayar lafiyar wani maƙwabci mai ciwon ƙafa. Ranar da na ce sarkin ya ɗauko ɗan 'yar'uwarsa daga ƙauye ya riƙe har ya gaje shi, ya ji daɗi ƙwarai.

"Ɗan halak," in ji shi. "Naka sai naka. To da ya samu sarautar, ya je gida an gan shi?"

Na ce zan duba. Na kuwa duba, na yini a laburare, na dawo a jirgin ƙasa ina ta jujjuya amsar. A lokacin, takarduna na izinin zama ba su fito ba, in na fita ƙasar ba lalle in dawo ba, shi kuma kullum muryarsa ƙara dushewa take yi.

Da Lahadi ta zagayo na kira shi, na ce, "Baba, littattafan ba su faɗa ba."



"To bai je ba ke nan. Da ya je, da an faɗa."

Sai ya tambaye ni ko na ci abinci.

Takardun sun iso bayan an yi masa sadakar arba'in. Yanzu koyarwa nake yi. Ɗalibai suna tambayata harajin sarkin da yaƙinsa da Farisa, ina ba su amsa dalla-dalla. Har yau ba wanda ya sake tambayata ko ya je gida.