Ƙusa a Tsohon Faifai

Laftof ɗina ta tsufa. In na kunna ta, sai na ɗora ruwan shayi na dawo kafin ta gama buɗe ido. Matan ofishinmu suka ce faifan da ke ajiye bayanai a cikinta ne ya gaji, a sa sabo. Suka yi mini kwatancen wani mai gyara a bayan Babbar Kasuwa. Duk wurinsa suke zuwa, ba don ya fi kowa iya aiki ba, sai don ba ya leƙen hotunan mutane. A garin nan hotonki ya fita ba ɗankwali, kin shiga uku.

Ni abu ɗaya ne ya dame ni. Takardun aiki ko sun ɓace a sake bugawa. Amma akwai bidiyon kamun ƙanwata, wanda na ɗauka a tsakar gidanmu na Ƙofar Sauri kafin Inna ta rasu. Inna ba ta shiri da hoto, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi. Ranar ce kawai na kira ta ta juyo tana dariya. Daga baya ta sa na yi mata alkawarin ba zan tura wa kowa ba, ban kuwa tura ba. Wayar da na ɗauke shi da ita ta daɗe da mutuwa. Fuskar Inna a laftof ɗin nan kaɗai ta rage.

Mai gyaran dattijo ne, ba ya son surutu. Muka gaisa, ya tambayi maigida da yara da gajiyar aiki. Ya kwashe komai ya zuba a wani faifai nasa, ya kwance bayan laftof ɗin, ya sa sabon, ya mayar da kayan. Takardun aiki ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar. Da ya iso kan hotuna sai ya juyo mini da laftof ɗin, ya mai da fuskarsa bango.

"Hajiya, kayan iyali ke za ki duba da kanki. Ni ba na buɗewa."

To, shi ya kau da kai. Amma a bayana akwai benci cike da maza masu jiran gyaran waya, idon kowa ba shi da aikin yi. Na danna bidiyon. Ga tsakar gida, ga tabarmi, ga ƙawayen amarya kai ba ɗankwali suna rawa, guɗa ta tashi. Na yi maza na rufe.

"Ya yi, Malam."

"Kin gamsu?"

Na ce na gamsu. Ya goge kwafin da ke wurinsa. Sannan ya yi abin da ya sa mata ke yabonsa: ya ɗora tsohon faifan a kan dutse a ƙofar shago, ya kafa masa ƙusa, ya buga da guduma har ta ɓulla. Ya ce haka yake yi a gaban mai kaya, don kada sirrin wani ya biyo bola. Har godiya na yi masa.

Bayan la'asar na zauna a ɗaki na kunna. Laftof ta zama sabuwa fil, kafin ƙiftawa ta buɗe. Bidiyon ya yi ta tafiya har inda Inna ke tsaye bakin murhu, ta ba ni baya. Aka ji muryata na kira ta. Kafaɗarta ta motsa, sai hoton ya tsaya cak. Na sake, nan ya tsaya.

Washegari na koma. Ya ce tsohon faifan ne ya lalace daidai wurin, kwafin ya ɗauki abin da ya samu. Da faifan na nan, da an lallaɓa shi a hankali, wataƙila a dace. Ya dubi dutsen. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa da wa zan yi faɗa. Mutumin nan mutuncina ya kare, ni kuma kunya na ji, kuma ko yau aka zaunar da ni gaban bencin nan rufewa zan yi.

Ban goge guntun ba. Kwanaki ɗiyata, wadda aka haifa bayan rasuwar, ta same ni ina kallo. Ta tambayi wace ce wannan mai bayan. Na ce kakarta ce. Ta jira, ta jira.

"Umma, ki ce mata ta juyo mana."