Na'urar da Ta Ce Inna Ba Ta da Yatsu

Ofishin shige da fice ya ƙi ƙara wa Inna Mai Guga wa'adin zama wurin ɗanta, wai don na'urarsu ba ta ga zanen yatsunta ba. Yatsu goma matar nan ta kai musu, babu wanda ta bari a gida. Ta jera su a kan gilashi, na'ura ta yi ƙara ta kunna jar wuta, shi ke nan aka ce babu.

To ina zanen ya tafi? Sabulu ne ya cinye shi. Tun tana budurwa Inna take wanki da guga. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yaro ɗaya, da baho biyu da dutsen guga ta riƙe gidan. Ta wanke zanen gadon otal, ta wanke rigunan malaman makaranta masu taurin wuya, ta wanke labulen da masu shi kansu sun manta asalin launinsa. Da wannan kumfar yaron ya yi karatu har ya zama ma'aikacin jinya a wata ƙasa. Ita dai Likita take ce masa. Ya gyara mata har ya gaji.

Likita ne ya nemo mata bizar ziyara ta wata shida, don ta huta. Ba ta huta ba. Ranar da ta sauka ta leƙa injin wankinsu, ta ga kaya na ta juyi kamar an sa su wasa, ta ce, "Wannan ai jiƙo ne, ina wankin?" Ta kwashe kayan ta kai banɗaki ta sake dirzawa. Ana nan cikin surukarta ya fito, aka lissafa aka ga haihuwa za ta zo bayan bizar ta ƙare. Inna ta ce ko da igiya za a ja ta, ba za ta hau jirgi ba sai ta wanke jikanta da hannunta.

Likita ya bi hanyoyin da ake da su. Wata bizar ta iyaye ce mai dogon zango, amma sai an koma gida a nema, layinta kuma yaro zai yi haƙori bai zo kanka ba. Wata kuma ta masu jinya ce, ita kuwa Inna ko mura ba ta yarda da ita. Saura ƙarin wa'adi, shi ne ya kai su gaban na'urar nan.

Jami'in wani siriri ne mai tabarau. Ya danna babban yatsanta, ya juya shi, ya hura masa iska, ya goge. Ya yi magana da yarensu, Likita ya fassara.

"Inna, wai yatsunki sun yi sulɓi."

"Ka ce masa na gode."

"Ba yabo ba ne. Wai na'ura ba ta ganin komai."

"To ya sa mata tabarau irin nasa mana."

Likita bai fassara wannan ba. Jami'in ya ba su wata rana, ya kuma ba da magani: kada ta taɓa ruwa da sabulu, ta yi ta shafa mai, zanen zai ɗan dawo. Ya ce muddin ba a yanke hukunci ba tana iya zama, amma in aka yi ta gwadawa abu ya ƙi, za a rufe maganar ta tattara kayanta.

Ku ji fa. Matar da ta shekara arba'in hannunta a ruwa aka ce ta zauna ta kalli datti.

Suka dawo gida. Surukar, yarinya mai hankali da ke koyarwa a makarantar yara, ta lafta mata man shafawa ta zura mata safar ƙafar Likita a hannuwa biyu, ta ɗaure da zare. Inna ta zauna a kujera, hannuwa a sama kamar wadda 'yan fashi suka tare. Cokali ma sai an ba ta a baki.

"'Yar nan, kin ga wuyan rigar mijinki kuwa?"

"Na gani, Inna. Inji zai wanke."

"Injin da ke lallashin datti? Kai, Likita, haka kake shiga cikin marasa lafiya? Ai kai za su kwantar."

"Inna, don Allah ki rufe ido."

"Na rufe. Ina jin warinsa."

Suna fita aiki sai ta kwance zaren da haƙori. Likita ya dawo ya tarar da labule na ɗiga, ya kulle banɗaki ya tafi da mabuɗi. Ta koma wurin wanke kwanuka. Ya ɓoye sabulu a saman firij, ta sauko da shi da sandar tsintsiya. Wata rana suka same ta ta naɗe zane tana tattaka tawul a baho da ƙafa, hannuwa a sama cikin safa, tana cewa ai ba a ce ƙafa ba. Har maƙwabciyarsu, wata tsohuwa mai kare, ta fara samun shanyarta a goge a ninke a bakin ƙofa, ta ɗauka aljanu ne.

Sai da surukar ta zauna a gabanta ta kama hannun mai safar ta ɗora a kan cikinta. Ɗan cikin ya yi shuri.

"Inna, in suka mayar da ke, wa zai yi masa wanka? Ni ko riƙe jariri ban iya ba."

Daga ranar Inna ta daina wanki. Ta juya kujerarta ta fuskanci bango don kada ta ga kwandon kaya. Ta rame. Tana zaune yatsunta na cuɗa iska a cikin safa.

Ranar komawa ofis ta zare safar, hannuwa sun yi laushi har ta ce ba nata ba ne. Ta ɗora. Ja. Ta sake. Ja. Aka bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, sai ga koriyar wuta a kan ƙaramin yatsan hagu, wanda ƙofa ta taɓa datsewa ya sandare, bai taɓa taya ta dirza ba.

"Ka gani ko?" in ji Inna. "Malalacin cikinsu shi gwamnati ta sani."

Jami'in ya ce ɗaya bai isa ba, a ƙara hutar da hannu, a dawo gwaji na ƙarshe.

Ba a kai ranar ba naƙuda ta zo. Aka dawo da yarinya mace daga asibiti, da kaya buhu guda masu neman ruwa. Likita ya tsaya a ƙofar banɗaki ya buɗe hannuwa zai tare hanya. Inna ta cire safar ta rataya masa a kafaɗa.

"Matsa, ɗan nan. Abin da ya kawo ni ke nan."

Ta wanke jikarta, ta wanke ƙyallayenta, ta wanke na uwar, ta haɗa da rigar Likita da ta daɗe tana harara. Yanzu yatsun sun koma sumul kamar bayan cokali, ranar gwaji kuma tana matsowa, ga mai jego ko tsayuwa ba ta gama iyawa ba.

Saboda haka, ku masu ofis, ku saurara. Fuskarta tana nan, irin ta cikin fasfo ce, har da hararar. Ɗanta yana nan, jikarta tana nan. Ƙaramin yatsan da na'urarku ta yarda da shi ma yana nan, a jikinta yake, ba aro ta yi ba. Ku karɓe shi ku buga mata hatimi ta ƙarasa abin da ta zo yi. In kuma lallai sai guda goma, to ku ce ta cire takalmi.